Iyali da Abotar Yara Sa'ad da Bindiga Take Mulkin Ƙauye

'Yan'uwa manoma, a tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai mun saba maganar taki da iri da bashi. Amma tun daga 2021 akwai wata tambaya da iyaye sukan kawo bayan an tashi taro, da murya ƙasa-ƙasa. Yaron da ya girma yana ganin mai bindiga yana ba ubansa umarni, wane irin mutum zai zama? Me kuma za mu faɗa masa game da abokinsa na ruga, wanda suka yi kiwo tare, yau kuwa ba su iya gaisawa a kasuwa? A wannan fitowa za mu duba al'amarin, mu ɗauki ƙasar Bena misali, gama abin da ya same ta ya sami wurare da yawa.

Hari dabam, mamaya dabam

Ya kamata mu rarrabe abu biyu tun da fari. Hari shi ne su zo a kan babura da dare ko da asuba, su yi harbi, su kora shanu, su kwashe mutane, su tafi. Mugun abu ne, amma yana da farko yana da ƙarshe. Mamaya kuwa ita ce sa'ad da ba su tafi ba. Ko da ba su kwana cikin gari ba, suna nan bakin daji, ikonsu yana cikin gari. Su ne za su ce a yi shuka ko kada a yi. Su ne za su yanka kuɗin da ƙauye zai tara kafin a taɓa girbi. A waɗansu wurare har sukan sa mutanen gari su nome musu gonaki kyauta. Mai unguwa yana nan da rawaninsa, amma ba shi da ta cewa. Mutanen Gwoza a jihar Borno sun ga mafi munin wannan, sa'ad da Boko Haram ta riƙe garinsu daga Agusta 2014 zuwa Maris 2015. Namu na yamma ba shi da tuta, ba shi da hedkwata, amma a cikin gida nauyinsa kusan ɗaya ne.

Bena tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, a masarautar Zuru, kusa da iyakar jihar Kebbi da Zamfara. Ƙasa ce mai albarkar dawa da masara da wake, inda Hausawa da Dakarkari da Fulani da sauran kabilu suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Fitinar ta soma ne a Zamfara wajen 2011, da satar shanu da ramuwar gayya tsakanin ɓarayin daji da 'yan sa-kai. Daji kuwa bai san iyakar jiha ba. A farkon Yuni 2021 aka kai hari ƙauyukan Danko/Wasagu, irin su Koro da Kimpi da Gaya da Rafin Gora, 'yan sanda suka ce an kashe mutum 88. Ran 17 ga wannan wata aka kwashe ɗalibai da malamai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. A Maris 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, fiye da 60 suka mutu, bayan 'yan kwanaki kuma aka kashe sojoji da 'yan sanda a Kanya. Ƙauyuka da dama suka watse, mutanensu suka taru a garuruwa irin su Bena da Ribah da Zuru. Waɗanda ba su da inda za su, suka zauna, suka biya abin da aka ce su biya.

Ba wannan ne karo na fari da ƙasar nan ta ga irin haka ba. Umaru Nagwamatse ya kafa Kontagora wajen 1864, shi da ɗansa Ibrahim kuwa suka yi ta kai hare-haren kama bayi a kan Kambari da Dakarkari da Gwari, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Kakanninmu sun hau duwatsu, sun yi noma da baka a kafaɗa. A Yaƙin Basasa na 1967 zuwa 1970 samarin ƙasar Zuru da yawa suka shiga soja, mata suka riƙe gidaje da gonaki. Amma a wancan yaƙi fagen fama yana can nesa. A wannan kuwa fagen fama gonar gado ce.

Abin da yakan faru cikin gida

Abu na fari da mamaya takan ci shi ne girman maigida. A al'adarmu yaro yakan ɗauka babu wanda ya fi ubansa ƙarfi. To, ga shi ya ga wani saurayi da bai kai yayansa ba, ya sa uban ya durƙusa, ko ya kira shi da suna gatsau, ko ya aike shi kasuwa sayen man babur da burodi. Uban ya dawo gida ba ya iya duban kowa. Wani yakan yi shiru kwana da kwanaki. Wani yakan huce a kan mata da yara. Wani kuma yakan koma wa burkutu. Uwa ce takan ɗauki sauran nauyin: ita ce mai ɓoye hatsi, ita ce mai toshe bakin jariri cikin dawa sa'ad da babura suke wucewa, ita ce kuma wadda take kwana tana lissafin 'yanta mata.

Abu na biyu shi ne abinci. Gonar jeji, wadda take da faɗi da ƙarfi, ita ce ta fara fita hannu. Sai a matsu a gonakin bayan gida waɗanda suka gaji. Shanun huɗa sun tafi, ko an sace ko an sayar domin kuɗin fansa, aka koma wa fartanya. Taki ya yi tsada, kashin shanu kuma babu, tun da babu garken da zai kwana a gona da rani. Manomi ya biya kafin shuka, ya biya kafin girbi. Abin da ya rage a rumbu ba ya kai watan Yuni.

Na uku, wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne zargi. Kowa ya san masu bindiga ba su san wanda ya sayar da sa ranar kasuwa ba sai an gaya musu. Saboda haka kalmar infoma ta shiga bakin kowa. Maƙwabci yana tsoron maƙwabci. Iyaye sukan koya wa yara kada su faɗi kome, kada su ce baba yana gida, kada su ce an sayar da wake. Dole ne, ba mu ga laifinsu ba. Amma mu sani fa, yaron da aka koya masa rufe baki a waje, yakan rufe shi a gida ma. Sai a ga mai shekara tara ya koma fitsarin kwance, ko yana firgita cikin barci, ko ya daina wasa. Waɗansu kuwa wasan nasu ne ya sāke: an bar langa da kokawa, an ɗauki karan dawa an yi bindiga, wannan ya zama ɗan bindiga, wancan ɗan sa-kai, ƙananan kuwa su ne waɗanda aka kama. Kada mu doke su saboda wannan wasa. Ta nan ne yaro yake fitar da abin da ba shi da kalmomin faɗarsa. Gara babba ya zauna kusa, ya saurara, in wasan ya soma zama cin zali ya raba.

Abokin ruga

A nan muke so mu daɗe, gama nan ne ciwon yake da zurfi. Duk wanda ya girma a ƙauyukan nan kafin fitina ya san yadda zaman yake. Bayan girbi Bafulatani yakan zo ya roƙi izini, shanunsa su ci kara da harawa, su bar wa mai gona taki. Matarsa takan kawo nono ta karɓi dawa ko dusa. Manomin da ya sami ɗan kuɗi yakan sayi maraƙi ya ba Bafulatani amana. A tsakiyar wannan ciniki na manya yara suka sami nasu. Ɗan manomi mai kiwon awaki da ɗan Fulani mai bin maruƙa sukan gamu a rafi. Wannan ya koya wa wancan ɗana tarko da harbin danƙo, wancan ya koya masa tatsa da kiran saniya da suna. A gasa masara tare, a sha nono tare. Akan yi faɗa a kan ɓarna, i, ba mu ce ba a yi ba. Amma akan kai wa mai unguwa da arɗo, a kimanta, a biya.

Da fitina ta zo, wannan ne ya fara karyewa. Ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗin ji a wajen wanda aka kashe masa ɗan'uwa. Da yawa cikin masu bindiga Fulani ne, ba mai musun wannan. Amma yawancin Fulani ba masu bindiga ba ne, waɗanda aka fara kwashe wa shanu ma su ne. Bafulatanin da ya ƙi ba da ɗansa ko sansa ga 'yan daji yana cikin hatsari. In ya shigo kasuwa kuma yana cikin hatsari, gama akwai wuraren da 'yan sa-kai suka kashe mutum saboda kamanninsa kaɗai. Yana tsakanin wuta biyu. Rugage da yawa sun tashi cikin dare ba sallama. Yaro ya wayi gari ya je rafi, ba abokinsa, ba wanda ya gaya masa dalili.

To, me yake ji a gida? Yana jin manya suna cewa dukansu ɗaya ne. Shi kuwa ya san wanda ya raba masa fura, ya san uwar da ta cire masa ƙaya. Zuciyarsa ta rabu biyu. In ya ce yana kewar abokinsa sai a tsawata masa, kamar ya ci amanar gida. In ya yarda da maganar manya, sai ya binne abin kirkin da ya gani da idonsa. Mu a ganinmu, kuskure ne babba a tilasta wa yaro ya yi musun abokinsa. A gaya masa abin da yake gaskiya daidai hankalinsa: akwai mugayen mutane a daji, ba za ka ƙara zuwa rafi kai kaɗai ba, abokinka ma iyayensa sun gudu ne saboda tsoro. Wannan ya isa. Hana yaro zuwa wuri mai hatsari dabam ne, koya masa ƙin kabila dungum dabam ne. Na farin yana tsare ransa yau. Na biyun yana tanada wa jikokinmu wani yaƙi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan wuya. Wani lokaci abokin nan ba gudu ya yi ba, shiga ya yi. An ga yara 'yan shekara 14 ko 15 da bindiga a wuya. Wani an tilasta shi, wani an kashe ubansa ya tafi ramuwa, wani babur da waya suka ja shi. Ba 'ya'yan Fulani kaɗai ba, har 'ya'yan gari akan saye su da 'yan kuɗi kaɗan su zama 'yan aike. Saurayin da ba gona, ba makaranta, ba abin yi, shi ne abincinsu. Idan irin wannan tsohon aboki ya nemi yaronka ta waya, kada ka yi sakaci. Abota ba ta hana a yi amfani da yaro a san abin da yake cikin rumbunka. Ka karɓi maganar a hannunka kai babba, ka shawarci dattawa.

Dakarkari suna da al'adar golmo, inda samari tsara ɗaya sukan haɗu su yi wa surukansu noma, har shekara bakwai bisa ga al'ada. Ko me mutum zai ce a kanta, makaranta ce ta jimiri da riƙon amana. Wanda kuka yi golmo tare ɗan'uwanka ne har mutuwa. Inda ƙauye ya watse, tsara ta watse, ɗaya yana Zuru, ɗaya yana Kontagora, ɗaya ya bi mota zuwa kudu neman aikin lebura. Ba gidaje kaɗai aka rasa ba, an rasa wurin da yaro yake koyon zama da mutane.

A aika da yara, ko a riƙe su?

Wannan tambaya ta zo mana sau da yawa, ba mu ne na fari da muka yi ta ba. A farkon Satumba 1939, da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, gwamnatin Ingila ta kwashe kusan mutum miliyan ɗaya da rabi daga birane zuwa ƙauyuka cikin 'yan kwanaki, yawancinsu yara, domin tsoron bama-baman Jamus. Wata masaniyar halin yara, Anna Freud, da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham, suka riƙe gidajen renon yara a Landan a shekarun yaƙin, suka rubuta abin da suka lura. Abin da suka gani ya ba mutane mamaki. Ƙananan yara sun fi jure ƙarar bom in suna jikin uwa mai natsuwa, fiye da yadda suke jure rabuwa da ita ko da an kai su wuri mai lafiya. Tsoron yaro ƙarami daga fuskar uwarsa yake karanta shi.

Ba muna cewa a zauna a bakin mutuwa ba. In za a gudu a gudu. Abin nufi shi ne, yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kada a raba shi da uwarsa sai in ba makawa. Manyan yara kuwa, in za a kai su wurin dangi a gari, a kai su biyu-biyu, wa da ƙane, ko aboki da aboki. Yaron da yake da wanda ya san sunan ƙauyensu, wanda za su yi yarensu tare da dare, ba ya karaya kamar wanda yake shi kaɗai. A yi hankali ƙwarai da masu zuwa da mota suna cewa a ba su yarinya za su sa ta makaranta a birni. Da yawa aikatau ne. In ba ka san gidan ba, ba ka san wanda zai je ya duba ta ba, kada ka bayar. Haka nan aurar da yarinya da wuri domin a rage baki ko a tsare ta, wata wahala ce ake saya da sunan magani.

Makarantar kwana ma sai an yi tunani. 'Yan matan Yauri na ƙarshe ba su dawo ba sai 2023, waɗansu da goyo. Ran 17 ga Nuwamba 2025 kuma aka kwashe 'yan mata 25 daga sakandaren 'yan mata ta Maga, a nan Danko/Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, ko da yake su an same su bayan mako guda da 'yan kai. Iyaye suna da iko su tambaya wane tsaro ne yake akwai kafin su kai yaro. Amma kada tsoro ya sa a bar karatu ɗungum. Ko gindin mangwaro ne, a sami mai karatu cikin waɗanda suka gudo ya tara su da safe. Su kuma yaran gari a ja musu kunne, kada su riƙa kiran baƙin nan 'yan gudun hijira kamar sunan yanka.

Yunwar da ba ta wucewa da damina ɗaya

A ƙasar Holan, a hunturun 1944 zuwa 1945, sojojin Jamus da suka mamaye ƙasar suka tare hanyar abinci, mutum wajen 20,000 suka mutu. Likitoci suka bi diddigin jariran da suke ciki a lokacin, har suka tsufa. Aka tarar sun fi tsararsu kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya. Watau yunwar mai ciki ba a kanta kaɗai take tsayawa ba. Saboda haka in abinci ya yi kaɗan, mai ciki da mai shayarwa da yaro ƙarami su ne na fari, ba maigida ba, ko da al'ada ta ce haka.

Kowace ƙungiya ta nemi tef ɗin awon dantse a asibitin shan magani, ta koya wa mata biyu ko uku. Ana auna tsakiyar dantsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, a kai shi asibiti ran nan. In rawaya ne, tsakanin 11.5 da 12.5, a ƙara masa abinci a sake awo bayan mako biyu. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa; in ramin ya tsaya, kumburin tamowa ne, shi ma na asibiti ne, kada a ce ƙiba ce. Garin kunu mai gina jiki ba shi da wuyar haɗawa: awo 6 na dawa ko gero ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne dabam, a cire ɓawon waken, a niƙa tare. Inda mutane suka cunkushe a aji ko majami'a, zawo da ƙyanda ne sukan fara kashe yara. A tabbata duk wanda ya kai wata 9 an yi masa allurar ƙyanda. In babu ƙunshin gishiri da suga na asibiti, a zuba suga ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce.

Aikin ƙungiya

Ba mu da bindiga, tsaron ƙasa kuwa hakkin gwamnati ne, dole mu ci gaba da tuna mata. Amma akwai abin da yake hannunmu. Iri shi ne na fari. Iyalin da suka cinye irinsu sun rasa shekara biyu ke nan, ba ɗaya ba. Ƙungiya ta tara iri a garin da ya fi tsaro, wake a buhun nan mai ɓawo uku wanda ba ya bukatar magani, a rubuta sunan kowa da mudunsa. Kada a tara duka a rumbu ɗaya. Ga wanda yake noma cikin ɗar-ɗar, waken da yake nuna cikin kwana 60 zuwa 70 da dankali da gyaɗa sun fi dawa mai wata biyar, ba su kuma yin duhun da mutum zai ɓuya a ciki kusa da gida.

Membobin da suke da fili kusa da gari su ba baƙi aro, ko kadada rabi ce, a yi a gaban shaidu a faɗi shekarun, domin kada alheri ya koma rigima. Maigidan da ya fita da fartanya da safe ya dawo da gumi, yakan iya duban 'ya'yansa. Adashen mata kada ya mutu ko da zubin ya koma naira ɗari. Takardar haihuwa da katin rigakafi da sakamakon makaranta a ɗaure su cikin leda wuri ɗaya, inda hannu zai kai cikin duhu. Kowane yaro da ya iya magana a koya masa cikakken sunan ubansa da na uwarsa da na ƙauyensu, a kuma shirya tun yanzu gidan wa za a haɗu in an watse.

Sa'an nan a ware wa yara ɗan fili nasu, na gari da na baƙi a haɗe, su yi gayya ranar Asabar, su shuka kuɓewa da yakuwa da gyaɗa, abin da aka sayar a saya musu littafi da fensir. In akwai rugar da ta rage kusa, wadda mai unguwa da arɗo suka san mutanenta, a bar yaranta su zo, babba yana wurin. Sakataren kowace ƙungiya ya kawo mana yawan yaran da suke hannunsu ba tare da iyayensu ba, da shekarunsu, a taron shiyya mai zuwa, domin mu san yawan garin kunu da tef ɗin awo da za mu nema kafin saukar damina.